Akuya ta Goma Sha Biyu

Ranar da na rubuta sunanta a saman takardar, na san abin da nake yi, ko ban sani ba?

Tun ranar nake yi wa kaina wannan tambaya. Ina wanke-wanke ina yi, ina kan sallaya ina yi, kuma har yanzu ban samu amsar da zan iya rantsuwa a kanta ba. Ku da kuka daɗe kuna bin labarin nan kun saba in zo muku da ƙorafi kan Baba da taurin kansa. Yau ba Baba ba ne. Yau ni ce, Hussaina, kuma a gajiye nake, sai ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda ya shigo yanzu: shekarata ashirin da bakwai, ina Tasawa gidan iyayena. Na yi karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, a Maraɗi, na dawo da takarda na zauna shekara biyu ina gyara wa matan unguwa wayoyinsu kyauta, kafin wani furoje, shirin tallafa wa mata, ya ɗauke ni aikin rubuta sunaye. Wanda nake so sunansa Almustapha. Bafulatani ne, yana bin kasuwanni da maganin dabbobi da allura a kan wata tsohuwar moto, babur mai tari kamar tsoho. Shekara biyu Baba ya yi yana cewa shi bai san yadda ake binciken asalin mutanen da ba su da katanga ba, kafin ya sauko. An tsayar da Juma'a, kawunnansa za su zo gaisuwa. Mama ta sa an yi wa zaure sabon shafe, ta sayo tabarmi biyu masu kore da fari, ta hana kowa takawa.

Ana cikin haka furoje ya samu jajayen awaki goma sha biyu na habbanaye. Ana ba mace akuya ta riƙe, ta haihu, ta ɗauki ƴaƴan, ta miƙa uwar ga wata. Wadda ba ta samu a zagayen farko ba sai ta jira kusan shekara ɗaya da rabi. Garin da aka zaɓa shi ne Garin Na Allah, can gaba da Hawandawaki, kuma mata talatin da biyu maigari ya ce sun cancanta. A bayan garin nan rugar su Almustapha take.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsinke zogale, saƙonsa ya shigo.

"Salam Husai. Na ji gobe kuna garinmu. Inna na cikin waɗanda maigari ya ambata. Ban ce ki yi komai ba. Ki dai duba kada a manta da ita, mutanen ruga ba a cika tunawa da su ba in ana rubutu."

Na amsa da "To, insha Allah." Na goge hannu da zanena, na ɗauko sabon kaye da bik, na buɗe shafin farko, na rubuta lamba ɗaya, na rubuta sunanta. Sauran talatin da ɗaya washegari na karɓa daga bakin maigari.

Kada ku tambaye ni sunan. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, kuma a nan ma ba zan rubuta ba, Inna kawai zan ce. Ko ganinta ban taɓa yi ba, ba a yi renona haka ba. Kuma abin da na gaya wa kaina a lokacin shi ne, yaya za a yi in rubuta sunan matar da ta haifi mijin da zan aura a ƙarƙashin sunan wasu? Girmamawa ce. Haka na ce.

Shef ɗinmu Abdulkarim, shugaban aikin, ya gargaɗe ni tun a biro, wato ofis. Ya ce a Kona da aka yi irin wannan rabon, an tara mata duka a gindin itace aka ce komite ta jera su daga wadda ta fi buƙata, aka tashi da zage-zage, wata ta fasa wa wata ƙwarya a ka, har yau gida biyu ba sa gaisawa. Ya ce tunda ni ce mai karatun na'ura, in nemo dabara. Ban gaya masa uwar saurayina na cikin listi ba. Bai tambaya ba, ni ma ban ga ta inda zan fara ba.

Dabarar kuwa ina da ita, tun shekarar farko aka koya mana. Idan abubuwa sun yi yawa ba ka iya jera su gaba ɗaya, kada ka gwada. Ka raba su biyu. Kowane rabi ka sake raba shi biyu, haka haka, har abin ya zama ƙarami yadda ba ya buƙatar tunani mai yawa. Daga nan ka dawo kana haɗawa.

Na yanka kwalin shayi na yi kati talatin da biyu, kowane da lamba da suna. Muka shige ɗakin Bintu ungozoma, ita ce babbar komite, tare da wasu tsofaffi biyu. Ɗakin na warin man shanu da hayaƙi, akwai tasoshi jere har kusa da rufi. Na shimfiɗa katunan a tabarma, daga ɗaya zuwa sha shida a hagu, daga sha bakwai zuwa talatin da biyu a dama. Na sake raba kowane kashi, takwas-takwas, huɗu-huɗu, har suka koma biyu-biyu.

Bintu ta kalle ni ta kalli tabarmar.

"Ɗiyata, wanga shi ne karatun Maraɗin? Ai mu ma haka muke kasa naman watanda, kuma ba mu biya ko dala ba."

Sauran suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce musu ba zan tambaye su wa ta fi kowa buƙata a garin ba. Tambaya ɗaya ce zan yi ta maimaitawa: tsakanin wannan da wannan, wa ta fi? Wadda suka ce, katinta ya hau sama. Idan an gama da biyu-biyu, sai a ɗauki kashi biyu a haɗa: a dubi na saman wannan da na saman wancan, wadda ta fi ta fita gefe, ta ƙarƙashinta ta fito fili, a sake tambaya. Da haka biyu ke zama huɗu a jere, huɗu su zama takwas. Da za a gwada kowace mace da kowace, tambaya kusan ɗari biyar ce, sai mu kwana uku. Ta wannan hanya ɗari da ashirin da ƴan kai ta isa.

Abin ya tafi yadda ban zata ba. Tsofaffin nan sun san komai. Sun san rumbun da ya riga ya yi rabi tun ba a gama kaka ba, sun san wadda ta sayar da ƙyauren ɗakinta ta rataya buhu, sun san wadda ɗanta ke aiko mata daga Agadas a ɓoye tana kukan babu. In ka ce su jera mata talatin sai su yi faɗa, amma in ka sa musu biyu a gaba, kafin ka rufe baki sun amsa. Sunan kowa ina karantawa da ƙarfi, ban da ɗaya. Idan aka zo kansa sai in ce "lamba ɗaya," in nuna wajen ruga da haɓa. Bintu ta lura. Ta dube ni sau ɗaya ta wutsiyar ido.

Tun da hantsi aka samu mata biyu da suka ce daidai suke, ƙishi ɗaya yunwa ɗaya. Suka tambaye ni yaya ke nan. Na ce akwai ƙa'ida: idan biyu sun yi daidai, ta hagu ake ɗauka. Malaminmu har yabon wannan ƙa'ida yake yi, yana cewa hanya mai kyau ba ta birkita waɗanda suka yi kunnen doki, wanda ya riga zuwa a listi shi ke riga fita. Tsofaffin suka ce ai gara haka, ba ruwan kowa. Ku riƙe wannan: da hantsi na faɗe ta, ba a kan Inna ba, kan wasu mata da ko kusa da akuya ba su zo ba.

Bayan azahar aka zo haɗin ƙarshe, sha shida a hagu, sha shida a dama, kowane a jere. Ta fari ta fita, ta biyu, ta uku. Ina ƙirgawa a zuci. Ta goma sha ɗaya ta fita daga dama. Na dubi tabarma. A saman hagu lamba ɗaya. A saman dama lamba ashirin da tara, Saudatu. Akuya ɗaya ta rage.

Daga nan suka fara, a hankali, ba gardama ba, kamar masu lissafa wa juna ciwo. Inna ta haura sittin, ciwon bara ya share mata ƴan bisashenta bakwai cikin sati biyu, tana riƙe da jikoki uku na ɗiyarta da ta rasu wajen haihuwa, ɗan nata kuwa abin da yake samu a kasuwa bai wuce na isansi, man moto, da ɗan gero ba. Saudatu mijinta ya tafi arewa shekara huɗu ke nan, ba waya ba saƙo, ba a ce ya mutu ba balle ta yi takaba. Ƴaƴa huɗu, ƙaramin ana auna masa dantse a asibiti duk wata, zaren awon bai taɓa barin rawaya ba, alamar tamowa. Wannan ta ce tsufa, waccan ta ce yaye. Suka juya ta nan, suka juya ta can. Har inuwar ƙofa ta matsa.

Bintu ta sauke numfashi.

"Waɗannan biyu ko a sikeli aka ɗora su ba mai rinjaye. Ke baƙuwa ce, ba ki da kowa. Ki raba mana."

Ba ki da kowa. Tana faɗa tana kallona.

Na ce ni ba zan sa baki ba, ai akwai ƙa'ida tun safe. Na miƙa hannu na ɗauki na hagu.

Da aka tara mata a ƙofar maigari na karanta sakamako, babu wadda ta ɗaga murya. Maigari ya karanta na goma sha biyu da kansa, don na ce masa maƙogwarona ya bushe. Inna ba ta zo ba, an ce tana jin kunyar taro. Saudatu ta zo. Doguwa ce, siririya, da rigar namiji a kan zane, yaron a goye kansa na lilo. Da ta ji ita ce ta sha uku sai ta ce, "Allah ya kai mu na gaba." Ta tsaya ta taya ni naɗe tabarma, ta kai mini har mota.

Sai da muka wuce Hawandawaki motar ta nutse a rairayi, direba da Abdulkarim suna tono suna cusa kara a ƙarƙashin taya, ni ina zaune gindin wani gawo ina duba kaye, sannan abin ya faɗo mini. Lamba ɗaya kullum tana hagu. A rabon farko tana hagu, a na biyu tana hagu, ko sau nawa za a raba. Duk wadda ta yi daidai da ita, ita za ta wuce. Ba tsofaffin ne suka ba Inna akuya ba. Ba ƙa'ida ba ce. Ni ce, a tsakar gidanmu, da ganyen zogale a hannu.

Kuma na san wannan ƙa'idar. Na ci jarrabawa a kanta. To a lokacin da bik ya taɓa takarda, tana cikin kaina ko ba ta ciki? Wani lokaci in ce wallahi ba ta ciki, kunyar suruka ce kawai. Wani lokaci in tuna yadda na yi saurin cewa "to," da yadda na zaɓi sabon kaye maimakon tsohon da ke da sauran shafi.

Kwana biyu na riƙe abin kafin na gaya wa Mama. Tana ɗakinta ta baje atamfofi a kan gado tana zaɓar wadda zan ɗaura ranar Juma'a, ko da yake ba wanda zai gan ni, a ɗaki zan wuni. Ta tsaya kan wata ruwan goro mai zanen ganye. Ta saurare ni har ƙarshe tana ninke ta, ta sake warwarewa ta sake ninkewa.

Ta tambaye ni ko na karɓi wani abu. Na ce a'a. Ko na yi ƙarya. Na ce a'a. Ko tsohuwar ba ta cancanta ba. Na ce ta cancanta. Ta ce to rabonta ne, Allah ya bi ta hannuna ya ba ta, in rufe bakina. Da na ce ina so in koma in faɗa wa komite, sai ta ajiye atamfar, ta tashi ta tura ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Babanki shekara talatin yana rubutu a meri, ofishin magajin gari, ko ƙanensa bai taɓa sa wa suna a gaba ba. Ranar da ya ji yaron nan ya aiko maki saƙo a kan listi, an gama. Ba zai tsaya jin 'ban ce ki yi komai ba' ba. Hassana ƴaƴanta uku, ke kina nan kina kasa kwali. Hussaina, na gaji da amsa wa mutane tambaya a gidan suna."

Hassana ita ce ƴar biyuna, tana aure a Mayahi. Kafin magariba Mama ta riga ta kira ta, don sai ga saƙon murya, ana jin kukan yaro a bayanta: wai in don akuya ce ita za ta sayar da ƴan kunnenta ta saya wa matar, in bar mutane su sha biki. Na yi dariya ban so ba. Na rubuta mata cewa ba akuyar ba ce kawai. Ta turo hoton fuska mai juya ido.

Ranar Alhamis bayan la'asar Almustapha ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ban shafa komai ba sai kwalli. Shi yana cikin shaddarsa mai ruwan ƙasa da ta koɗe a kafaɗa, yana warin maganin ƙwari na dabbobi kamar kullum. Muka zauna a zaure kan tsohuwar tabarma, sababbin na jingine a bango. Ya zo da fara'a. Ya ce Inna ta kafa turke tun ranar Talata, ta tuƙa igiya da hannunta, jikokin har sun raɗa wa akuyar suna tun ba su gan ta ba. Ya ce rabon da ya ji tana waƙa tun kafin ciwon bara.

Na bar shi ya gama. Sannan na ɗauko katunan daga jaka na kasa masa su a ƙasa, na nuna masa hagu da dama. Yana da saurin ganewa, shi ya sa nake sonsa. Kafin in kai ƙarshe fuskarsa ta canza.

Na ce abin da nake so shi ne, kafin Litinin da za a kai awakin, ya kai ni wurin Inna ta fara ji, sannan in je wurin Bintu in faɗi yadda aka yi, a karya kara biyu, dogo da gajere, a ja tsakaninta da Saudatu. Wadda ta samu, ta samu.

Ya daɗe yana kallon katin mai lamba ɗaya.

"Da a ƙarshe kika rubuta ta fa?"

"Da Saudatu ta samu."

"Ba tare da ta fi Inna buƙata ba."

"Eh."

"To da kin je kin tada magana?"

Na ce a'a. Na ce da na yi barcina lafiya.

"Ashe barcinki kike nema, Husai. Ba hakkin Saudatu ba."

Maganar ta shige ni, don ban da tabbacin ƙarya ce. Ya ci gaba, ba da faɗa ba, muryarsa ma ƙasa take. Ya ce Inna ba ta san ya aiko mini saƙo ba, da ta sani da ta hana a rubuta ta gaba ɗaya. Ya ce yau babu mai zargin kowa a garin. Ranar da na buɗe baki, abin da za a riƙe shi ne tsohuwar ruga ta ci akuya ta hannun budurwar ɗanta, ba wanda zai tsaya sauraron hagu da dama. Ko karan ya faɗo mata, ba za ta iya ɗaure akuyar a ƙofarta ba. Ya ce ni zan wanke zuciyata in hau mota in dawo Tasawa, ita ce za ta ci gaba da zuwa rijiya da matan.

Na ce ranar da aka ɗaura mana aure ai garin zai yi lissafin da kansa, Bintu ma ta riga ta yi. Ya ce zato daban, faɗa da baki daban.

"Malam," na ce, "ni na sa hannu a takardar."

"Ni kuma ita ta haife ni. Ba zan faɗa mata ba, kuma ba zan kai ki ba."

Ya tattara katunan ya jera su da kyau ya miƙo mini. Furar da Mama ta aiko ko taɓawa bai yi ba. Na ji moto ta yi tari sau uku kafin ta tashi.

Washegari Juma'a, ba ta gaisuwar ba, ita sai mako mai zuwa, ba saƙo. Na rubuta "Ka isa lafiya?" na goge. Na rubuta "Ka yi haƙuri" na goge, don ban san a kan me ba. A biro, da kowa ya tafi masallaci, na zauna gaban ordinatar, kwamfutar aiki, na shigar da sunayen talatin da biyu, kowace da matsayin da tsofaffin suka ba ta, Inna da Saudatu daidai. Na juya listin, na ƙarshe ya koma farko. Saudatu ta fito ta goma sha biyu. Na sa na'urar ta cakuɗa sunayen yadda ta ga dama ta sake jerawa, sau ɗari. Inna hamsin da uku, Saudatu arba'in da bakwai. Na sake, Saudatu hamsin da ɗaya. Na zauna ina kallon allon har ya yi duhu da kansa.

Na aika masa wannan kawai: "Na gwada sau ɗari biyu. Rabin akuya ne hakkin Inna. Ɗaya rabin ni na ɗauko na wata na cika mata."

Alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Shi ke nan.

Asabar na wuni ina wanki, har labulen ɗakin Baba da bai yi datti ba. Na san inda ƴan kabu-kabu masu zuwa Hawandawaki suke tsayawa. Sau biyu na ɗauki mayafi na ajiye. In na tafi ni kaɗai, Inna za ta ji a bakin mutane, kuma na san ba zai taɓa yafe mini wannan ba. In ban tafi ba, Litinin da safe zan tsaya da kaye a hannu ina kiran lamba, Saudatu na gefe, ƙila ma ta taya ni riƙe igiya. Mama tana ta kai da kawo tana turara sababbin tabarmi, abincin da ta zuba mini kuma ya fi na kullum yawa.

Lahadi da sassafe Baba ya fita ta'aziyya unguwar gabas. Ina durƙushe ina wanke tukunyar koko, da tsohon zane da ɗankwalin da na kwana da shi, na ji tarin nan a ƙofar gida. Na ɗauka kunnena ne. Sai aka yi sallama.

Mama ta riga ni isa zaure. Na tsaya bayan labule. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ƙafafunsa fari fat da rairayi, alamar daga ruga yake, tun asuba ya taso. Ya ce ya zo neman izini ne, zai kai Hussaina garinsu kan maganar aiki, zai dawo da ita kafin la'asar. Mama ta ce aikin ba zai jira bayan Juma'a ba? Ya ce ba zai jira ba. Ta ce ya san abin da yake yi? Ya ce bai sani ba sosai. Sannan ta juyo ta wuce ni ba ta dube ni ba, na ji ta ce wa bango, "Ki sa hijabi mai kauri, hanyar da ƙura."

Da na fito yana tsaye jikin moto yana ɗaure jarkar isansi a gefe. Idanunsa sun faɗa. Bai yi murmushi ba.

"Ba lissafinki ne ya kawo ni ba," ya ce.

Na gyara hijabina.

"Jiya ina zaune da Inna, Saudatu ta shigo da dami biyu na harawa a ka. Ta ce tun farkon kaka take tarawa, ta zaci za ta samu. Ta ce kada ta lalace a banza, a ba akuyar Inna." Ya ja igiyar jarkar ya ƙulle. "Inna ta yi ta sa mata albarka. Ni na tashi na shiga daji."

Na tambaye shi ko ya gaya mata. Ya girgiza kai. Ya ce ya gwada, bakinsa ya ƙi. Ya ce ni zan faɗa, a gabanta, da bakina, shi zai tsaya a waje. Kuma in sani, in ta ce kawunnansa kada su zo Juma'a, ba zai yi mata gardama ba.

Matar da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Matar da ko sunanta ba na iya faɗa. Na duba jaka, katunan na ciki, kaye na ciki.

Ya taka moto, ta yi tari, ta mutu. Ya sake takawa ta kama. Ya matsa gaba ya bar mini wuri mai faɗi a baya, ya ajiye jakar magungunansa a tsakani, bai waiwayo ba.

"Hau," ya ce. "Rana na yi."